FASHIN BAƘI: Abin da doka ta tanadar wa uwa ma'aikaciya a Najeriya, da inda ta gaza

A ƙasar Hausa mai jego kan yi kwana arba'in tana wanka kafin a ce ta fita. Dokar Ƙwadago ta Najeriya kuwa makonni shida ta ba ta bayan haihuwa, wato kwana 42. Ma'ana, kwana biyu bayan ta gama wanka, doka ta yarda a neme ta a bakin aiki. Sai dai wannan ma ba kowace ma'aikaciya ke samun sa ba, domin a Najeriya tsawon hutun haihuwa da kuɗin da ake biya a cikinsa sun danganta ne da wanda mace ke yi wa aiki.

Me Dokar Ƙwadago ta ce?

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago, wadda aka gada tun shekarun 1970, shi ne tushen haƙƙin mai juna biyu a wurin aiki. Ya ba ta damar ajiye aiki idan ta kawo takardar likita da ke nuna saura makonni shida ta haihu, ya kuma haramta sa ta aiki a makonni shidan da ke biye da haihuwa. Jimilla makonni 12 ke nan.

Idan ta yi aƙalla watanni shida tana aiki a wurin kafin tafiya hutun, wajibi ne a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. Wadda ke ɗaukar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ana iya ba ta Naira 35,000 a wata ba tare da an karya doka ba, a daidai lokacin da hidimar asibiti da ta suna ke kanta. Sashen ya kuma fayyace cewa kuɗin asibitin goyon ciki da haihuwa ba sa wuyan mai aikin.

Akwai wasu kariya guda biyu. Mai shayarwa na da haƙƙin rabin sa'a sau biyu a rana a cikin lokacin aiki domin ta ba jariri nono. Haka kuma an hana ba mace takardar sallama yayin da take hutun haihuwa, ko takardar da wa'adinta zai cika a lokacin hutun.

Waɗanda dokar ta bari a baya

Sashe na 91, wanda ya fassara kalmar "ma'aikaci", ya cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da zartarwa da masu aikin ƙwarewa. Saboda haka lauya ko likita ko manajar banki da ke aiki a kamfani mai zaman kansa, takardar ɗaukar aikinta da ƙa'idojin kamfanin su ne madogararta. Idan ba a rubuta hutun haihuwa a ciki ba, sai ta nemi alfarma ko ta garzaya kotu.

Giɓin da ya fi wannan girma yana can ƙasa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba su da rajista ne. A nan ake samun mai ƙosai, da mai kitso, da mai aikatau a gidajen masu hali, da matan da ake ɗauka aikin gona ko tsintar hatsi a biya su da yamma. Wadda ke sana'ar kanta ba ta da wanda zai biya ta hutu: ranar da ba ta fita ba, ranar babu ciniki.

Ma'aikatan gwamnati: kowace jiha da nata

A gwamnatin tarayya, ƙa'idojin aikin gwamnati sun ba mace makonni 16 da cikakken albashi, tare da sassaucin sa'o'i biyu a kullum ga mai shayarwa bayan ta koma aiki. A watan Satumban 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga maza ma'aikata idan matansu sun haihu.

Wasu jihohi sun zarce haka. Legas ta mayar da hutun watanni shida a 2014, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, amma ta taƙaita shi ga haihuwa biyu na farko. Kaduna ta bi sahu a 2019 ƙarƙashin Gwamna Nasir El-Rufai. Jihohin Oyo da Ekiti ma sun ɗauki tsarin watanni shida.

Sakamakon wannan rarrabuwa a fili yake. Mata uku za su iya haihuwa a asibiti ɗaya a Kaduna a rana guda: ma'aikaciyar jiha ta samu watanni shida, ta tarayya ta samu makonni 16, mai aiki a masana'anta kuma ta samu makonni 12 a kan rabin albashi.

Karon da ake yi da shawarar likitoci

Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suna ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har watanni shida, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta rungumi wannan shawara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da watanni shida ake shayarwa haka. Dalilan suna da yawa, har da al'adar ba jariri ruwa, amma uwar da ta koma aiki jaririnta na da makonni shida, da wuya ta cika wannan wa'adi.

Rabin sa'ar da doka ta bayar ba ta da amfani sai jaririn na kusa, alhali Dokar Ƙwadago ba ta wajabta wa masu ɗaukar aiki samar da ɗakin raino ba. Shi ya sa nauyin ke komawa kan kaka, ko ƙanwa, ko 'yar raino. Sau da yawa 'yar rainon ita ma yarinya ce da ya kamata a ce tana aji.

Wa ke biyan kuɗin hutun?

A nan tushen matsalar yake. A Najeriya mai ɗaukar aiki ne kaɗai ke biyan albashin hutun haihuwa daga aljihunsa, ga kuma kuɗin wanda zai riƙe gurbin. Wannan kan sa ƙaramin kamfani ya ɗauki budurwa ko amarya a matsayin asarar da ke tafe, ya fifita namiji tun a wurin tantancewa. Irin wannan wariya ba ta barin takarda, don haka tabbatar da ita a gaban alƙali abu ne mai wuya.

Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a shekarar 2000, ta yi la'akari da haka. Ta tanadi aƙalla makonni 14, da biyan abin da bai gaza biyu bisa uku na albashi ba, kuma kuɗin su fito daga asusun inshorar ma'aikata ko baitulmali. Najeriya ba ta amince da wannan yarjejeniya ba. A maƙwabciyarta Jamhuriyar Nijar, dokar aiki ta ba da makonni 14, kuma asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, yana ɗaukar wani kaso na kuɗin.

Inda kotu ta shigo

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda jinsi. Sashe na 17 ya ambaci biyan albashi iri ɗaya ga aiki iri ɗaya, sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda ba a iya kai ƙara a kan tanade-tanadensa kai tsaye. Gyaran da aka yi wa kundin a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraren ƙararrakin wariya da cin zarafi a wurin aiki, da ikon yin la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya.

An ga tasirin wannan a shari'ar wata 'yar sanda a Jihar Ekiti da aka kora a 2021 saboda ta yi ciki ba ta da aure, bisa ƙa'ida ta 127 ta aikin 'yan sanda. A watan Janairun 2023 reshen kotun da ke Akure ya soke ƙa'idar, bisa hujjar cewa mata kaɗai take hukuntawa ban da takwarorinsu maza, ya kuma ba ta diyyar Naira miliyan 5.

Duk da haka, sassa na 55 da 56 na Dokar Ƙwadago, waɗanda suka hana mata aikin dare a masana'antu da aikin haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa, suna nan daram, in ban da 'yan keɓe-keɓe irin na ma'aikatan jinya da masu muƙaman gudanarwa.

Abin da ya kamata ma'aikaciya ta kiyaye

Kafin ta sa hannu a takardar ɗaukar aiki, ta duba abin da aka rubuta game da hutun haihuwa da albashinsa. Idan ciki ya samu, ta sanar da wurin aikinta a rubuce, ta haɗa da takardar likita, ta kuma adana kwafi mai ɗauke da kwanan wata. Idan aka sallame ta ko aka rage mata matsayi bayan sanarwar, waɗannan takardu su ne hujjarta a gaban ƙungiyar ƙwadagonta, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharta, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.