DAGA MAZARI ZUWA KWARASHI: TARIHIN ZARE A ƘASARMU

Idan ɗari ya shigo, duk wanda ya ratsa kasuwar Madawa ko ta Buza ko ta Tamaske zai ga jinjiri a goye da hular ulu da safa, ja ko shuɗi ko ruwan ɗorawa. Yaran yanzu suna tsammanin haka aka tarar. To, saƙar tsinke da ta kwarashi baƙuwa ce, a zamanin Nasara ta yaɗu cikin garuruwanmu. Amma hannun da ya karɓe ta ya daɗe da sanin zare, kuma tarihin wannan hannu muke so mu bi.

Mu fara da kaɗa, wadda mutanen Kano ke ce wa auduga. Tun kafin zuwan Nasara ana noman ta a fadamun Majiya da Tarka da kwarin Keita, inda ƙasa ke da nauyi tana riƙe ruwa. 'Yan kunyoyi ne a gefen dawa, abin da zai ishi gida. Da an tsince ta, aiki ya koma hannun mata. Da fari gurza: a ɗora kaɗa bisa dutse mai santsi, a murza da ɗan ƙarfe har gurya ta fita. Guryar ba a zubar da ita, iri ce, kuma abincin bisashe ce. Sa'an nan shiɓa, ana buga tsarkiyar ɗan baka cikin kaɗar har ta tashi kamar kumfa. Daga nan sai kaɗi. Tsohuwa tana zaune, mazari na juyawa cikin ɗan ƙoƙo, tana shafa alli ga yatsu don kada zare ya zame mata. Allin nan ƙashi ne aka ƙona. Da kuɗin kaɗi uwa ke tara wa ɗiyarta kayan ɗaki, kuma da zaren gida dattijo ke sa a saƙa masa farin da zai ajiye na likkafani.

Zaɓen zare kuwa tun a lokacin ilmi ne. Zare siriri mai murɗi da yawa shi ne na tsaye, domin shi ke shan ja a masaƙa. Abawa mai kauri da laushi ita ce ta kwance, wadda ke tafiya cikin ƙoshiya. Mafi sirantaka shi ne arafiya, na rigunan manya, kuma ba kowace mace ke iya fitar da shi ba. Masaƙi yakan ja zare tsakanin yatsu biyu, ya faɗi ko na wane gida ne.

Zanen da za a gani ga tufa tun a wurin wadari ake yanke shi. Masaƙi ya kafa turaku, yana kai da kawowa da zare, yana lissafi: kaza fari, kaza baƙi na shuni, a sāke. Idan ya yi haka ga na tsaye da na kwance duka, sai a sami saƙi, mai kamar jikin zabo. Ba takarda, ba alƙalami, lissafin duk a ka yake, kuma ɗa ga ubansa yake koya. In ya ɓata ƙidaya sau ɗaya, sai ranar da za a haɗa ƙwarya da ƙwarya za a ga layi ya ƙi haɗuwa. Aikin riga ne kaɗai ake zanawa tukuna: malami ya zana aska biyu ko aska takwas ko tambari a kan tufa, almajiri ya bi da allura.

Tufa mai tsada daga kudu take zuwa. Turkuɗin da Buzaye ke naɗi da shi na Kura ne, kusa da Kano. Bature Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne babban arzikin birnin, kuma tufafinsa suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ayarin Kel Geres na wajen Madawa kan tafi da gero da tufa, su komo da gishiri.

Me ya kwantar da mazari? Wasu dattawa sukan ce lalacin matan zamani ne. Ni ban yarda da wannan ba. Akoko da atamfa ne suka fara cika kasuwa, kuma macen da za ta yi kwana da kwanaki tana kaɗin zane ɗaya ta iya lissafi. Sa'an nan kamfanin Faransa na CFDT, wanda aka kafa a 1949, ya fara aiki a Nijar a 1956. Ya kawo sabon iri da maganin ƙwari, aka kafa injin gurza a Madawa. A 1962 aka kafa UNCC, ƙungiyoyin manoma suka shiga cinikin. An noma kaɗa har a gonakin madatsar ruwan Ibohamane. Abin mamaki, lokacin da muka fi noman kaɗa shi ne lokacin da mata suka fara rasa ta, domin a lokacin sikeli take tafiya, maigida ya karɓi kuɗin lanho. Masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, ta Yamai ta biyo baya wajen ƙarshen shekarun 1960, ita ce aka sake wa suna Sonitextil a 1978. Farin 1973 da na 1984 suka bugi noman, albasa ta ci fadamu da yawa, gwanjo kuma ya ƙarasa abin da ya rage.

Cikin waɗannan shekaru ne saƙar tsinke ta sami wurin zama. Muna ce mata aikin Nasara, amma mafi tsufan saƙar tsinke da aka tono a Misira aka same ta: safa ce ta auduga, fari da shuɗi na baba, wadda aka yi tsakanin shekara ta 1000 da ta 1300. Watau kaɗa da shuni, irin namu. Masu sana'ar Musulmi sun yi ta a Andalus, ta bazu cikin Turai, har wani mutumin Ingila, William Lee, ya ƙera mata inji a 1589. Mu kuwa ta lakwal ta iso mana, inda ake koya wa 'yan mata ɗinki da saƙa, da kuma ta hannun ma'aikatan wayar da kan mata na zamanin Diori. Bayan an kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975, zamanin Kunce, gidajen koyar da mata sana'a suka ƙaru. Wadda ta koya a Tawa ko Madawa, in aure ya kai ta ƙauye, sai ta koya wa maƙwabta.

Bambancinta da saƙar masaƙi shi ne zare ɗaya ne tak, ana zarge cikin zarge. Kwarashi na riƙe zarge ɗaya, tsinke biyu na riƙe layi duka. A saƙar tsinke hannu biyu ne kawai, na gaba da na baya, duk sauran ado daga jera su yake fitowa. Biyu gaba, biyu baya, shi ke ba da bakin hula mai miƙewa ya koma. Kun ga lissafin wadari ne ya dawo ta wata ƙofa. Littattafan zane da Faransanci suke, matanmu da yawa ba su karanta su ba. Sai su sayi suwaita a gwanjo, su warware ta sannu-sannu suna ƙidaya, su sami zare su sami darasi. 'Yan lakwal kuma suka gane cewa takardar littafinsu mai gida-gida ta isa: kowane gida zarge ɗaya, a cika wasu da biro, a bar wasu. Da haka ana iya ɗauko dagi ko zanen tabarmar Madawa a sa ga hula. Sai dai zarge ya fi faɗi bisa ga tsawo, saboda haka zanen kan fito a gajarce in ba a ƙara layi ba. Mai hankali takan saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu, ta auna, kafin ta fara riga.

Saura zaren kansa, kuma wannan ya shafe ku masu sayo tsaraba daga Abijan da Legas da Kano. Sunan ulu daga Turancin Ingila yake, ma'anarsa gashin tumaki. Tumakinmu, uda da balami da ara-ara, ba su da irin wannan gashi, sai na Masina a Mali da na bakin kogi wajen Tilaberi. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan ulu zaren roba ne da ake yi daga man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fitar kasuwa a 1950. Yana da arha, ba ya zuba, asu ba ya cin shi. In za ku saya, ku sayi abin da zai ishi aikin gaba ɗaya, ku duba lambar rini ga takardarsa ta zama ɗaya, domin ja na bana ba lalle ya dace da ja na baɗi ba.

Gane shi ba wuya. A tsinki ɗan guntu a sa masa ashana. Kaɗa tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Gashin tumaki yana ƙaurin gashi, ya mutu da kansa, a murje shi ya zama gari. Na roba yana ci da sauri, ya narke, ya dunƙule baƙi ƙirin, kuma in ya sami fata mannewa yake. Kwanakin hular ulu su ne kwanakin jin wuta da asuba, saboda haka yaron da aka sa wa rigar wannan zare a zaunar da shi nesa da murhu, a kuma sa masa ta kaɗa daga ciki.