Majalisar Ministocin Tarayyar Nijeriya, 1952 zuwa 1966: Yadda Aka Haɗa Ta da Yadda Ya Kamata a Koyar da Ita

A darussan tarihi da na zaman jama'a da ake bayarwa da harshen Hausa, mun lura cewa idan aka zo kan majalisar ministoci, abin da aka fi ɗora wa ɗalibi shi ne haddar sunaye, wato wane ya riƙe kuɗi, wane kuma ya riƙe tsaro. Sunaye suna da amfaninsu, amma tambayar da ta fi cancanta a sa a gaba ita ce: wa ke zaɓen minista, kuma wa zai iya sauke shi? Amsar wannan tambaya ta sauya sau da dama cikin shekaru goma sha huɗu kacal, kuma kowane sauyi yana nuna inda iko ya koma a ƙasar.

An kafa majalisar ministoci ta farko a shekarar 1952, bisa tsarin mulkin 1951 na zamanin Gwamna Makfason. Ta ƙunshi 'yan ƙasa 12, huɗu daga kowace jiha, tare da manyan ma'aikata Turawa 6, Gwamna kuma shi ne shugabanta. Daga Arewa akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa mai kula da ayyuka, da Muhammadu Ribaɗu mai kula da albarkatun ƙasa, da Shettima Kashim Ibrahim mai kula da jin daɗin jama'a, sai Sarkin Katsina Usman Nagogo wanda ba a ba shi wata ma'aikata ba. Haka ma Yamma ta tura sarkin Ife, Adesoji Aderemi, a kan irin wannan kujera. A nan wajibi ne malami ya tsaya ya yi bayanin kalmar jiha, domin a wancan zamani jihohi uku ne kawai, Arewa da Gabas da Yamma. Yaron da ya tashi ya tarar da jihohi 36, in ba a faɗakar da shi ba, zai yi lissafin da ba shi ne ba.

Waɗannan ministoci jihohinsu ne suka turo su, don haka biyayyarsu tana can gida. Ba su da jagora guda daga cikinsu, kuma ragamar sassan gwamnati tana hannun daraktoci Turawa. Raunin wannan tsari ya fito fili a shekarar 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka nemi a jinkirta, ministocin Yamma kuma suka yi murabus. Tsarin mulkin 1954 ya rage yawan ministoci zuwa 10, uku daga kowace jiha da guda daga Kudancin Kamaru, ya kuma miƙa musu ma'aikatu a hannunsu. Sai dai zaɓen wannan shekara ya zo da abin da ba a zata ba: jam'iyyar NCNC ta yi rinjaye a Gabas da Yamma duka, ta sami kujeru 6, alhali NPC wadda ta fi ta wakilai a majalisar dokoki ta tsaya a kan 3.

Sai a watan Agusta na 1957 aka sami Firayim Minista, wato Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma daga nan ne zaɓen ministoci ya koma hannun ɗan ƙasa. Ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, ya jawo jam'iyyar AG ciki, inda Samuel Akintola ya riƙe sadarwa da sufurin sama, Ayo Rosiji kuma ya riƙe lafiya. Wannan haɗaka ta ƙare da zaɓen Disamba 1959. Bayansa NPC da NCNC suka ƙulla ƙawance, Obafemi Awolowo ya zama jagoran 'yan hamayya.

Majalisar da ta karɓi 'yancin kai a 1960 ita ce ta fi dacewa a tsaya a kanta a aji, domin rabon muƙamanta darasi ne shi kansa. Tsaro ya tafi hannun Ribaɗu, ya riƙe shi har rasuwarsa a watan Mayu 1965, sannan Inuwa Wada, wanda ke kula da ayyuka, ya gaje shi. Kuɗi yana hannun Festus Okotie-Eboh na NCNC tun 1957. Maitama Sule ya riƙe ma'adinai da lantarki, Zanna Bukar Dipcharima ciniki da masana'antu, Aja Nwachukwu ilimi, Taslim Elias kuma shari'a. Harkokin waje Firayim Minista ya riƙe su da kansa kafin ya miƙa wa Jaja Wachuku a 1961. Akwai kuma ma'aikatar harkokin Legas, wadda Musa 'Yar'aduwa ya riƙe, muƙamin da ɗalibi ba zai fahimci dalilinsa ba sai an gaya masa cewa Legas ce hedikwatar tarayya a lokacin. A ganinmu, idan aka dubi yadda tsaro ya tsaya a ɓangare guda, kuɗi kuma a ɗaya ɓangaren, za a gane cewa an yi rabon ne ta yadda babu abokin ƙawancen da zai iya tafiya ba tare da ɗan'uwansa ba.

Malamin Hausa yana da wata ƙofa ta shiga wannan darasi wadda malamin wani harshe ba shi da ita. Shugaban majalisar shi ne marubucin Shaihu Umar, Shehu Shagari ya wallafa Waƙar Nijeriya tun yana malamin makaranta, Nuhu Bamalli kuwa, wanda ya riƙe harkokin waje a ƙarshen 1965, shi ne ya rubuta Bala da Babiya. Ɗalibai kan san waɗannan sunaye a darasin adabi, amma ba kasafai ake haɗa musu su da darasin tarihi ba.

Babban abin da ke rikita ɗalibai shi ne auna wancan tsari da ma'aunin na yanzu. A Jamhuriya ta Farko minista ɗan majalisar dokoki ne, yana zaune a zaure yana amsa tambayoyi, kuma idan gwamnati ta rasa rinjaye, duk ministocin ne za su sauka tare. Ko da aka zama jamhuriya a 1963, Nnamdi Azikiwe ya zama Shugaban Ƙasa, ikon zartarwa bai bar hannun majalisar ministoci ba. Tsarin mulkin 1979 ne ya raba biyun: Shugaban Ƙasa ya zaɓa, Majalisar Dattawa ta amince, ɗan majalisar da aka naɗa ya bar kujerarsa, sannan kowace jiha ta sami aƙalla minista guda, ƙa'idar da sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 ya ci gaba da ita. Shagari ya yi minista a tsarin farko, ya kuma naɗa ministoci a na biyu, don haka rayuwarsa ta isa misalin kwatanta su.

Muna ba da shawarar manhaja ta keɓe "Majalisar Ministoci" ga tsarin 1952 zuwa 1966, ta bar "Majalisar Zartarwa ta Tarayya" ga abin da ya biyo baya, ta kuma tsaya a kan rubutu guda na kalmar Firayim Minista. Darasin kuwa a rufe shi da abin da ya faru a Janairun 1966: an kashe Ɓalewa da Okotie-Eboh a juyin mulkin ranar 15 ga wata, sauran ministocin da suka taru ƙarƙashin jagorancin Dipcharima suka miƙa mulki ga Manjo Janar Aguiyi-Ironsi.