Wa Ya Auna, Da Me, A Ina?

A shekarar 1853 wakilan ƙasashe goma masu jiragen ruwa suka zauna a Brussels, babban birnin Beljiyam, bayan faɗi-tashin da wani hafsan sojan ruwan Amurka mai suna Matthew Maury ya yi don ganin an haɗu. Abin da ya tara su bai kai ya kawo ba a ido. So suke kowane jirgi ya riƙa cike takarda iri ɗaya: rana da sa'a, inda jirgin yake a teku, yanayin iska, zafin ruwa. Har yadda za a auna ruwan sai da suka tsara, cewa a jefa gugan katako a ɗebo, a tsoma ma'aunin zafi a ciki. Duk mai son bin tarihin abin da masana ke kira metadata a yau, wato bayanin da ke rakiyar alƙaluman bincike yana faɗin wa ya auna su, da me, a ina, yaushe, to ba laifi ya fara daga wannan zama.

Sai dai takarda daban, aiki daban. Da tafiya ta yi tafiya, matuƙa suka koma gugan tamfol saboda ya fi sauƙin ja. Shi kuwa tamfol, kafin a gama jawo shi a karanta, iska ta riga ta sanyaya ruwan. Daga baya jirage masu inji suka daina jefa guga, suka riƙa karanta zafin ruwan da ake zuƙowa don sanyaya inji, wanda yakan ɗan fi na gaskiya ɗumi. Lambar dai ana rubuta ta a gurbinta, amma yadda aka same ta ba kowa ke rubutawa ba. Me zai sa a rubuta? Kowa a jirgin ya sani.

Sakamakon wannan shiru bai fito fili sosai ba sai bayan shekaru masu yawa. Masana sun daɗe suna mamakin yadda matsakaicin zafin duniya ya faɗi kwatsam da kusan digiri 0.3 a ƙarshen 1945, alhali ba wani dutse da ya yi aman wuta a lokacin. A 2008 David Thompson da abokan aikinsa suka warware zancen a mujallar Nature. Lokacin yaƙin duniya na biyu, kusan kashi 80 cikin ɗari na awon daga jiragen Amurka ya fito, masu karantawa a ɗakin inji. Da yaƙi ya ƙare jiragen Birtaniya suka dawo da gugansu, har suka kai kusan rabin awon. Teku bai huce ba, masu awo ne suka sauya. Kuma abin da ya taimaka aka gano haka ɗan guntun bayani ne da ya tsira, wato ƙasar da kowane jirgi ya fito.

Zuwan na'ura ma ya yi nasa ta'adin. Da aka soma kwashe tsofaffin littattafan jirage zuwa katunan da ake hudawa don kwamfutocin farko, kati ɗaya gurbi 80 kawai gare shi, abin da bai samu wuri ba sai a bar shi. A 2019 Duo Chan da Peter Huybers na Jami'ar Harvard, tare da wasu, suka nuna cewa a wani rukunin awon jiragen Japan an yanke abin da ke bayan ɗigo lokacin kwafewa, 15.7 ta koma 15. Hakan ya sa wani yanki na tekun Fasifik ya yi kamar yana sanyi a shekarun 1930.

Tunanin tara alƙaluman muhalli a ma'adana ta kowa ya kankama ne a 1957 zuwa 1958, lokacin da ƙasashe 67 suka haɗa hannu wajen nazarin ƙasa da teku da sararin sama. Aka kafa cibiyoyin adana bayanai a Amurka da Tarayyar Sobiyet da Yammacin Turai da Japan, kowacce da kwafi, don kada yaƙi ko gobara su cinye aikin. Ajiyewa ta yiwu. Nemowa ce ta zama aiki, musamman da tauraron ɗan'adam ya fara zubo bayanai ba ƙaƙƙautawa. A 1987 hukumar NASA da abokanta suka fito da tsarin DIF, ɗan taƙaitaccen kati ga kowane rukunin bayanai. A 1994 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a umarnin da ya wajabta wa hukumomin tarayyar Amurka bayyana bayanan taswirarsu bisa ƙa'idar kwamitin FGDC, mai gurabe sama da 300. Shekara guda bayan haka, a garin Dublin na jihar Ohio, masana ɗakin karatu da na kwamfuta suka bi ta ɗaya gefen: gurabe 13 kacal, da suka zama 15 daga baya. Tun daga nan ake ja-in-ja tsakanin ɓangarorin biyu. Doguwar takarda tana faɗin komai amma ba mai son cike ta, gajeriyar kuma kowa zai cike amma ba ta isar wanda zai yi aiki da alƙaluman. Ƙa'idar ISO 19115 ta 2003 ta doguwar ce ta gada.

A ganina wanda ya fi kowa gane bakin zaren shi ne William Michener, masanin halittu da muhallinsu. A wata maƙala da shi da abokansa suka buga a 1997, sun zana yadda sanin da ke tattare da bincike yake zagwanyewa. Ranar da aka buga sakamako, mai binciken ya san komai. Bayan ɗan lokaci ƙananan abubuwa sun fara kuɓuce masa, kamar wace rana ce na'ura ta lalace aka aro wata. Sai ya sauya wurin aiki ko ya yi ritaya. Ranar da ya rasu, sauran ya bi shi. Wanda ya yi karatun hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malamai tun da daɗewa ba sa karɓar matani sai da isnadi, kuma sukan bincika ko mai ruwaya ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa. Daga wannan maƙala aka gina tsarin EML, wanda ya matsa wa mai bincike ya bayyana kowane layi na jadawalinsa: me sunan yake nufi, da wane ma'auni aka auna, wace alama ce ke nuna ba a samu awo ba. Na ƙarshen nan ba wasa ba ne. Masu awo da yawa sukan sa -999 a inda babu komai, kuma kwamfuta ba ta da hankalin da za ta ƙi haɗa shi cikin lissafi.

Wani nazari da Timothy Vines ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, ya gwada zancen. Suka bi maƙaloli 516 da aka buga tsakanin 1991 da 2011 suna neman alƙaluman asali daga marubutan. Suka tarar damar samun su tana raguwa da kusan kashi 17 cikin ɗari kowace shekara. Adireshin imel ya mutu, ko faifan yana nan amma babu na'urar da za ta karanta shi.

Gyaran da ya fi tasiri ta wajen lada ya zo. Daga 2009 ƙungiyar DataCite ta sa ana ba rukunin bayanai lambar DOI irin wadda ake ba maƙala, don a riƙa ambaton mai shi. Rumbuna irin su PANGAEA na Jamus suna da editoci da ke duba abin da aka kawo kafin a karɓa. A 2016 aka shelanta ƙa'idojin FAIR, masu neman bayanai su zama ana iya gano su, a kai gare su, a haɗa su da wasu, a sake amfani da su. An ci gaba ƙwarai, ba musu. Amma ci gaban ya fi yawa a ɓangaren ganowa. Take da sunan marubuci da shekara, waɗannan dole ne, rumbu ba zai karɓa ba sai da su. Gurbin da ake bayyana hanyar aiki kuwa, sau da yawa layi biyu ake jefawa a ciki a daren da wa'adi zai cika.

Mu ma a yankin Sahel abin ya taɓa mu kai tsaye. Farin shekarun 1970 shi ya haifar da cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don tattara bayanan ruwan sama da noma. Amma a 2004 masu bincike biyu, Adrian Chappell da Clive Agnew, suka ce mai yiwuwa raguwar ruwan da alƙaluma ke nunawa ta samo asali ne daga sauyin tashoshin awo, wasu sun rufe, wasu sun buɗe a wani wuri, ba daga sama ba. A shekarar nan Aiguo Dai da abokansa suka mayar da martani cewa farin gaskiya ne. Manomin da ya ga farin 1973 da na 1984 ba ya bukatar mujalla ta faɗa masa haka. Sai dai a fagen ilimi ba a iya kashe gardamar ba sai don an san inda kowace tasha take da shekarun da ta yi tana aiki.

Ɗalibin da ke auna zurfin rijiyoyi a fadamar Haɗeja ko ƙidayar itatuwa a karkarar Maraɗi, in ya zo ɗora aikinsa a rumbu, tambayoyin da za su fi ba na bayansa wahala ƙanana ne. Daga bakin rijiya ya fara awo ko daga doron ƙasa? Ruwan saman da ya karanta da safe, na ranar ya rubuta shi ko na jiya? Agogon gida ya bi ko na Greenwich, wanda muke gabansa da sa'a ɗaya? Wurin da ya nuna kuma, daga GPS ya ɗauko shi ko daga tsohuwar taswirar Najeriya da aka gina kan ma'aunin Minna? Bambancin waɗannan biyun yakan kai gomman mitoci, abin da ya isa ya mayar da rijiya cikin gonar maƙwabci.