Ƙidayar Waɗanda Ba Sa Cikin Littafi

Littafin rajistar asibiti bai san kowa ba sai wanda ya iso ƙofa. Wanda ciwo ya kwantar a ƙauye, ya sha jiƙo har rai ya yi halinsa, babu sunansa a shafi. To, ta yaya za a ƙiyasta yawan masu wata cuta alhali kowane littafi yana da giɓi, kuma ba a san faɗin giɓin ba?

Daga masana dabbobi aka aro amsar. A shekarar 1896 masanin kifi ɗan ƙasar Denmark, C. G. Johannes Petersen, ya wallafa aikinsa kan kifayen da yake yi wa alama yana mayarwa cikin ruwan Limfjord. A 1930 kuma Frederick Lincoln na Amurka ya ƙiyasta yawan agwagin daji ta hanyar zobban da ake maƙala musu a ƙafa, waɗanda mafarauta ke dawo da su. Hikimar ɗaya ce: a kama, a sa alama, a saki, a sake kamawa. Idan masu alama suka yi kaɗan a kamu na biyu, garken yana da yawa.

A 1949 C. Chandra Sekar ɗan Indiya da W. Edwards Deming ɗan Amurka suka gwada dabarar a kan 'yan Adam. A yankin Singur, kusa da Kalkata, sun kwatanta littafin rajistar haihuwa da mutuwa da jerin sunayen da aka tattara gida-gida. Shiga littafin farko ya tsaya a matsayin alamar, shiga na biyu kuwa shi ne sake kamun. A ce littafi ɗaya na da sunaye 200, ɗayan 150, kuma mutum 100 sun bayyana a duka biyun. Sai a ninka 200 sau 150, a raba da 100, a sami 300. Waɗanda aka gani 250 ne. Ragowar 50 babu alƙalamin da ya taɓa rubuta su, lissafi ne kawai ya nuna gurbinsu.

Sai dai lissafin ya dogara ga wani zato mai nauyi, wato shiga wannan littafi ba ta da alaƙa da shiga wancan. Ko a wajen kifi zaton na da rauni, balle mutum. Likitan da ya duba majinyaci shi ne ke tura shi ɗakin gwaji, don haka sunansa zai bayyana sau biyu. Talakan da nisa da kuɗin mota suka hana zuwa asibiti, su ne dai za su hana shi zuwa gwajin. Masu bayyana a duka biyun sai su yi yawa, jimillar ta faɗi ƙasa da gaskiya, kuma waɗanda aka zubar su ne mafi buƙatar magani. Marubutan biyu sun hango wannan tun farko, suka ba da shawarar a kasa jama'a rukuni-rukuni, a lissafa kowanne daban sannan a haɗa. A ganina wannan hangen ya fi lissafin kansa daraja. Akwai kuma kuskuren da ke ja ta ɗaya gefen: mutum ɗaya da aka rubuta sunansa iri biyu zai zama mutum biyu, jimillar ta kumbura.

A 1968 Janet Wittes da Victor Sidel suka shigar da dabarar fagen nazarin cututtuka, a 1972 kuma Stephen Fienberg ya nuna yadda littattafai uku ko fiye ke ba da damar auna dogaron wani a kan wani. Duk da haka wani ɓangare na zaton yana nan, domin babu littafin da za a buɗe a tabbatar da halin wanda kowa ya rasa.

Shi ya sa wani lokaci dole a rufe littafi a fita neman mutanen. A 2012 Najeriya ta gudanar da bincikenta na farko na ƙasa baki ɗaya kan yaɗuwar tarin fuka, ana zuwa unguwanni da ƙauyuka ana ɗaukar hoton ƙirji da gwada majina. Masu cutar da aka tarar sun zarce abin da ake zato da nisa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga ƙiyasinta na ƙasar.