Haɗin gwiwar kamfanoni

Haɗin gwiwar kamfanoni yarjejeniya ce da kamfanoni biyu ko fiye ke ƙullawa domin gudanar da wani aiki tare, alhali kowanne na riƙe da sunansa da shugabancinsa. Ya sha bamban da haɗewa, inda kamfanonin ke narkewa su zama guda.

Ire-irensa

Iri na farko shi ne ƙawance, wanda ba a kafa sabon kamfani a cikinsa, kamar Star Alliance da kamfanonin jiragen sama biyar suka kafa a 1997. Iri na biyu kuwa, ɓangarorin kan zuba jari su kafa kamfani na tarayya, a riƙa raba riba da asara gwargwadon hannun jarin kowa.

Amfaninsa

Babban amfanin shi ne raba nauyin aikin da ya fi ƙarfin kamfani ɗaya. Kamfanin Nigeria LNG, wanda aka kafa a 1989 domin mayar da iskar gas ruwa a tsibirin Bonny na Jihar Ribas, misali ne. NNPC na da kashi 49 cikin 100 na hannun jarinsa, Shell 25.6, TotalEnergies 15, sai Eni 10.4. Najeriya ce mai arzikin gas ɗin, abokan tarayyar kuma suka zo da fasaha da sanin kasuwannin duniya. An fara fitar da gas ɗin zuwa ƙetare a 1999.

Wani amfanin shi ne koyo daga juna. A 1984 General Motors da Toyota suka buɗe masana'antar motoci ta NUMMI a garin Fremont na Amurka. General Motors na neman sanin tsarin aikin Toyota, shi kuma Toyota na son gwada ƙera motoci da ma'aikatan Amurka kafin ya gina masana'antarsa.

Ƙalubale

Haɗin gwiwa kan wargaje idan manufofin ɓangarorin suka saɓa, ko ɗaya ya faɗa matsalar kuɗi. An rufe NUMMI a 2010 bayan General Motors ya janye. Haka kuma abokin tarayya na iya kwashe sirrin sana'a ya koma abokin gogayya. Shi ya sa yarjejeniyar kan fayyace ikon yanke shawara, rabon riba da yadda za a rabu tun kafin a fara aiki.