Darma da Albarushi a Hannun Maharban Madarunfa

A ƙasar Katsinan Maraɗi, baka da kwari sun daɗe suna cin kasuwarsu bayan zuwan bindiga. Tun da sarakunan Haɓe suka rasa birnin Katsina a hannun masu jihadi a 1807 suka koma kwarin Gulbin Maraɗi, yaƙinsu na doki ne da mashi da kibiya mai dafi. Madarunfa, da tafkinta da dazuzzukan da ke kewaye da ita, tana tsakanin Maraɗi da Katsina, yankin da dawakin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore suka sha ratsawa a tsakiyar ƙarni na 19.

Abin da ya hana bindiga yaɗuwa shi ne cimarta. Ita kanta daga nesa take zuwa, ko ta hamada daga Tarabulus, ko daga bakin teku ta ƙasar Nufe, kuma in babu albarushi da harsashi sanda ce kawai. Shi ya sa 'yan bindiga a wancan zamani galibi bayin sarki ne. Wanda ya fi kowa gane wannan shi ne Sarkin Damagaram Tanimun, da ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884. Ya sa ana haɗa albarushi a Zinder, ana ƙera igwa, har maƙwabtansa suka riƙa shakkarsa.

Harsashi kuwa aikin tsakar gida ne. Darma tana narkewa a zafin digiri 327, ƙarfe kuma sai ya haura 1,500. Saboda haka maharbi ba ya buƙatar zuga-zugin maƙeri, garwashin murhu ya ishe shi. Abin da yake nema a maƙera shi ne mazubi, wani ƙarfe mai kama da awartaki da rami a bakinsa. A zuba narkakkiyar darma, a buɗe, ƙwallo ya faɗo yana ƙyalli, a datse ɗan wutsiyarsa. Mai bindigar toka yana ɗura albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya bi da harsashi, ya danna da tsinken ƙarfe. Harbi ɗaya ke nan. In an kuskure ɓauna ko gyado, sai neman bishiya, shi ya sa maharbi ba ya rabuwa da wuƙa da layu.

Darmar ma tsada gare ta. Dutsen da ke ɗauke da ita akwai shi a Zurak ta ƙasar Wase, amma a kasuwannin Hausa tozali aka san shi da shi. In ta yanke, maharbi ya ɗura guntayen ƙarfe ko tsakuwa. In ya feɗe nama, ya lalubo harsashinsa ya sake narkawa. A gari mai tafki irin Madarunfa kuma masunta abokan takara ne, domin da darma ake nauyaya bakin birgi.

Dokar Turawa ce ta tsawaita ran wannan sana'a. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa a buɗe ga bindiga mai ƙyastu da albarushin kasuwa. Sojojin Faransa ƙarƙashin Bule da Shanuwan da suka ratsa ƙasar Hausa ta Nijar a 1899, da na Ingila da suka ci Kano a 1903, harsasan masana'anta suka riƙe. Talaka aka bar shi da ɗure, maƙeran karkara suka ƙware wajen gyara da ƙera bindigar toka. Da bindigar farauta mai harsashin kwali ta shigo, maharba ba su yar da kwanso ba, sake cika shi suke yi. Darma kuma ta yi araha bayan yawaitar motoci, domin tsohon batir cike yake da ita.

Arahar ta zo da cuta. Hayaƙi da ƙurar darma guba ne, musamman ga ƙananan yara. A unguwar Caroy ta Dakar yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa batura a gidaje, a Zamfara kuma fiye da 400 a 2010, sanadin niƙa dutsen zinariya mai darma.

Yau namun dajin Baban Rafi na yankin Madarunfa sun ragu ƙwarai, farauta kuma tana ƙarƙashin dokar da Nijar ta kafa a 1998. Bindigar toka ta sake samun aiki ne a ƙauyukan kan iyaka, inda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka addabi jama'ar gundumar Madarunfa tun wajen 2019. Manomin da ke gadin garinsu da ita harbi ɗaya gare shi kafin ya sake ɗurawa, alhali AK-47 ɗin da ke hannun ɗan ta'adda tana ɗaukar harsashi 30.