Neman Iso da Ɓad da Kama a Ƙofar Sarkin Kano

Ba a shiga wurin Sarkin Kano sai da iso. Tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, aka tsara fada ta yadda baƙo zai ratsa soro bayan soro, kowanne da mai tsaronsa, kafin ya ga fuskar sarki. Tarihin Kano ya nuna Rumfa ne ya fara ba babanni manyan muƙamai, shi ne kuma ya kawo kulle. Daga nan cikin gida ya zama wurin da namiji baligi ba ya takawa in ba baba ba ne, saƙo kuwa sai ta bakin jakadiya. Bayan jihadi, Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846) ya farfaɗo da sarautun bayi, har Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka zama su ke riƙe da hanyar zuwa ga sarki. Wanda suka so ya gani, yana gani. Wanda ba su so ba, sai ya yi ta zaman soro har guzurinsa ya ƙare.

Ga mutumin ƙasar yamma, a ce manomin Getso ko Kutama a yankin Gwarzo, ko na Godiya a yankin Kabo, wannan soro shi ne ƙarshen doguwar hanya. Kafin zuwan Turawa hakimai a cikin birni suke zaune, garuruwansu a warwatse cikin karkara, jakadu ne ke zuwa karɓar haraji su komo da labari. Mai ƙara zai fara da mai unguwa, ya wuce wurin dagaci, dagaci ya haɗa shi da jakada, jakada ya kai shi gidan ubangidansa. Gwarzo tana da nisan kimanin kilomita 70 daga birni, tafiyar kwana biyu ke nan a ƙafa, kuma in rana ta faɗi kafin ya iso Ƙofar Kabuga, sarkin ƙofa ya rufe, sai ya kwana a waje. Kowane mataki yana da gaisuwarsa, ko goro, ko wuri, ko damin dawa. Wanda ya tsaya wa mutum a wannan hanya shi ne ƙofarsa. Tsarin bai tsaya kan talaka ba, domin shi kansa Sarkin Kano ta hannun Wazirin Sakkwato yake isa ga Sarkin Musulmi.

Ba mamaki ke nan da tatsuniyoyin Hausa suka cika da masu ɓad da kama: saurayin da ya yi lulluɓi ya bi sahun mata zuwa cikin gida, ko Gizo da ya yi shigar malami ya ruɗi dogarai. Buri ne na wanda ba shi da ƙofa. A zahiri kuwa talaka ba ya gwada haka, don hukuncin wanda aka kama a gidan sarki ba da izini ba mai tsanani ne, kuma a ƙasar da ake gane mutum da tsagar fuskarsa da karin harshensa, sauya riga ba ya ɓoye kowa. Waɗanda tarihi ya tabbatar sun yi ɓad da kama baƙi ne daga nesa, musamman Turawan da aka turo binciken ƙasa.

Na farkonsu shi ne Friedrich Hornemann, Bajamushe, wanda wata ƙungiya ta Landan ta turo. Ya bar Alƙahira a 1798 cikin shigar ɗan kasuwa Musulmi mai suna Yusuf, ya bi ayari daga Murzuƙ a 1800, ya ratsa Borno da Katsina, ya rasu a ƙasar Nufe. Shigar ta kai shi nesa, amma labarin da ya tara bayan Murzuƙ ya tafi tare da shi.

Hugh Clapperton na Birtaniya wata hanya ya bi. An san shi da Abdullahi, amma bai ɓoye cewa shi Nasara ne ba. Ranar 20 ga Janairu 1824 ya shiga Kano sanye da kakinsa na sojan ruwa, yana zaton za a fito kallonsa, sai ya tarar kowa na harkar gabansa. Abin da ya buɗe masa ƙofa wasiƙar Shehun Borno Muhammadu el-Kanemi ce, da kuma mai masaukinsa, Alhaji Hat Salah, wakilin Shehun a Kano. A Sakkwato, cikin Maris na wannan shekara, gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima aka sauke shi, Wazirin ne kuma ya yi masa iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da ya dawo a 1826, Sakkwato da Borno na cikin yaƙi, ga shi ɗauke da wasiƙa da kyauta zuwa ga Shehu, aka karɓe su, aka hana shi wucewa. A Sakkwato ya rasu cikin Afrilu 1827. Mutum ɗaya ne, suna ɗaya, riga ɗaya. Alaƙar da ta ɗauko shi ce ta lalace.

Labarin Heinrich Barth ya fi kowanne nuna iyakar ɓad da kama. Ya iso Kano a farkon Fabrairu 1851 da sunan Abdulkarim, yana jin Larabci da Hausa, yana sa tufafin Larabawa. Duk da haka sai da ya yi sama da mako biyu a masaukinsa na unguwar Dala, ga zazzaɓi ga bashi, kafin a yi masa iso. Ranar da aka kira shi ma, ba a kai shi gaban Sarki Usman (1846–1855) kai tsaye ba. Sai da ya bi ta hannun Galadima Abdullahi, ƙanin sarkin, wanda shi ma aka ware wa tasa kyautar. Fadar Kano ta san ko shi wane ne, kuma ba ta damu da alkyabbarsa ba. Inda Barth ya yi ɓad da kama na gaske shi ne kan hanyar Tambutu a 1853, inda ya ce shi sharifi ne mai kai wa Shehu Ahmad el-Bakkay littattafai daga gabas. Ƙaryar ta fisshe shi a hanya, amma da ya shiga garin asirinsa ya tonu, kuma kariyar da Shehun ya ba shi da saninsa ce ta ceci ransa.

Zuwa ƙarshen ƙarnin, masu sauya kama sun koma 'yan gida. Kamfanin Neja na Ingilishi, daga baya kuma Gwamna Lugard, sun yi amfani da fatake masu kai wasiƙa suna leƙen asiri. Sananne a cikinsu shi ne Adamu Jakada, wanda ke zuwa Kano da sunan manzo da ɗan kasuwa, yana komawa da labarin ganuwa da bindigogi da halin fada. Irin wannan ya fi Bature mai rawani haɗari nesa ba kusa ba, saboda ba shi da abin da zai ɓoye sai niyyarsa. Sarki Alu (1894–1903) ya gane haka, ya tsananta tsaro. Da tawagar mishan ta Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller ta iso Kano a 1900 ba tare da izininsa ba, ya karɓe su a fada, ya ba su wa'adin kwana uku su bar masa gari.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka shiga birni ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana can ƙasar Sakkwato. Sarkin Shanu Muhammadu, ɗaya daga cikin manyan bayin sarki, ya tsaya a bakin aikinsa, aka kashe shi yana kare gidan ubangidansa. Alu ya rabu da rundunarsa da dare a hanyar dawowa, kuma bisa rahoton Turawa, cikin shigar fataken gishiri aka kama shi a ƙasar Gobir. An kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Mulkin Turawa ya taƙaita hanyar amma bai kawar da ita ba. Tsakanin 1907 da 1908 Razdan Cargill ya fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, aka rage aikin jakadu, Gwarzo ta zama mazaunin hakimi, inda daga baya Sarkin Dawaki Mai Tuta Bello Dandago ya zauna. Da hawan Sarki Abdullahi Bayero a 1926 aka karɓe ikon mulki daga hannun manyan bayin sarki, aka bar musu hidimar gida da tsarin fada. A 2019 an sa Gwarzo da Kabo ƙarƙashin sabuwar masarautar Ƙaraye, dokar 2024 kuma ta mai da su Kano. Har yau mai son ganin sarki daga waɗannan garuruwa ta hannun dagaci da hakimi yake bi, kuma sai an yi masa iso yake shiga.